Taɓarya Biyu a Turmin Goggo

Goggo ta rasu ranar Laraba da hantsi, a hanyarta ta dawowa daga fadama, bana da muke cikin shekara ta huɗu da samun mulkin kai. Wasu matan Fulani masu tallar nono ne suka iske ta a gindin tsamiya. Ta sauke damin shinkafarta ta jingine shi da kyau, ta warware gammo ta yi matashi da shi. Sun yi mata sallama har sau biyu, suna tsammanin hutawa take yi. Babbar cikinsu ce ta ce a'a, tun tana budurwa take bin hanyar nan, ba ta taɓa ganin tsohuwar nan kwance da rana ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yayar mahaifina ce. Ba ta bar ɗa ba, ba ta bar jika ba, amma tabarmin unguwarmu a Illo ba su ishi masu gaisuwa ba. An zo daga Bagudo, inda tushenmu yake, an zo daga Bahindi, har Dendawa daga ƙetaren iyaka sun zo a ƙasa.

Na zauna karɓar gaisuwa kusa da Baffa, ƙanen mahaifina, wanda shi ne babban gidanmu tun rasuwar mahaifin nawa. Abin da na lura da shi, babu wanda ya yabe ta kai tsaye. Limamin unguwa ya ce, "Allah Ya jiƙanta, mace ce mai tsare salla." Sannan ya ƙara, "Amma fa ba ta da sauƙi." Mai jirgin da ya shekara ashirin yana fito da ita a kogin Kwara ya ce bai taɓa ganin ta zauna kamar sauran mutane ba. Tana shiga za ta ɗauki ƙwarya ta hau kwalfe ruwa, ko da cikin jirgin a bushe yake ƙayau. Wata dattijuwa kuma ta tsaya a bakin zaure ta ce, "Kwana uku da mutuwar mai gidana ta miƙo mini tsintsiya. Na shekara ban gaishe ta ba." Tana faɗar haka ta fashe da kuka, kuma duk cikin matan babu wadda ta kai ta daɗewa tana yi.

Kafin la'asar sai muka ji daka na tashi daga cikin gida. Baffa ya aika a ce musu gidan makoki ne, su dakata. Suka aiko cewa gumbar sadaka suke yi. Gumbar da aka daka a kwana ukun nan ta ishi rasuwa uku.

Ni malamin makarantar elementare ne, alli da takarda na sani. Tunda ba ta da ɗan da zai riƙa ambatonta, na ga ya kamata in rubuta abin da na sani, musamman abin da ta yi a cikin gidana.

Sana'arta gumin shinkafa. Ta jiƙa, ta turara, ta shanya, ta surfa, ta ɗauka a ka zuwa kasuwa. Ba ta hawa jaki. Da motar fasinja ta fara shigowa ranar kasuwa, an yi juyin duniya ta shiga ta ƙi. Ta ce ita ba buhu ba ce. Tana share tsakar gidanta sau biyu a yini, in ta gama ta share ƙofar maƙwabta ba tare da an roƙe ta ba, abin da ya jawo mata faɗa ba sau ɗaya ba. In ta iske mutum ya yi tagumi, ba ta tambayarsa abin da ke damunsa. Sai ta ce, "Tashi kama mini wanga," ko da abin bai kai nauyin kaza ba. Tana yawan cewa jiki in ya zauna, zuciya ce ke tafiya yawo, kuma ba ta san hanyar gida ba.

Sunan mahaifinta aka sa mini, don haka ba ta faɗar sunana. Babana take ce mini. Wannan bai taɓa hana ta wanke ni tas ba.

A daminar shekarar mulkin kai mai ɗakina ta haifi ɗa namiji, haihuwarmu ta fari. Ya kwana biyar ya koma. Ragon suna yana ɗaure a tsakar gida.

Ina son mai ɗakina ƙwarai, kuma ba na jin kunyar rubuta haka. Tun ina makaranta a Birnin Kebbi nake sayen 'yan ƙananan littattafan soyayya na Turanci da fataken kudu ke kawowa. A cikinsu masoyin kirki ba ya barin masoyiyarsa ta taɓa ƙasa. Ranar da aka kawo ta, na yi mata alkawari cewa hannunta ba zai yi kanta ba muddin ina raye. Da wannan rashi ya same mu, sai na ga lokacin cika alkawari ya yi sosai. Na sa ɗan garuwa ya riƙa cika randa. Na ba wata mata dakau. Na sa a riƙa kawo tuwo daga maƙwabta. Na jingine turminta a bayan ɗaki na rufe shi da tsohuwar tabarma. Goggo ta zo bayan an gama wankan arba'in ta ce za ta zauna da mu kwana biyu, na yi mata godiya da ladabi, na ce an riga an shirya komai. Ta dubi randa, ta dubi bayan ɗaki, ta ce, "To." Ta tafi.

Mai ɗakina ta zauna. Da farko ta rage magana, daga baya ta daina. Ba ta barci, ba ta cin abin kirki. In na fita makaranta da safe na bar ta a bakin gado tana kallon bango, a nan zan iske ta da azahar. Nakan zauna kusa da ita in karanta mata labari ina fassarawa. Nakan tsinko furen bado daga tafki in aje mata a ƙwarya. Ranar bikin mulkin kai, da aka raba wa 'yan makaranta ƙananan tutoci, na kawo mata guda na sa mata a hannu. Da na dawo da yamma tana riƙe da ita yadda na bar ta.

Sai wata safiya matar maƙwabcinmu ta gan ta tsaye a bakin rijiyar gida, ba guga a hannunta. Ta kamo ta ta maido ta ɗaki. Kafin kwana huɗu labari ya kai Bagudo, Baffa ya iso.

Baffa ba mugu ba ne, tsoro ya ji. Ya ce an yi rubutu an sha, an yi turare, abin ya fi ƙarfin gida. Akwai wani mai magani a ƙetaren iyaka, ƙasar da har lokacin muke ce wa ƙasar Faransi, mai karɓar masu taɓin hankali. Kowa a Illo ya san yadda ake yi a irin wannan gida. Ana sa ƙafar mutum a turu, wato gungumen ice mai rami, don kada ya gudu ko ya cuci kansa. Wasu kan dawo, wasu ba a sake jin labarinsu. Baffa ya ce ya yi magana da iyayenta, sun yarda.

Muna cikin zaure ni da shi sai ga Goggo, da taɓarya a kafaɗa.

"Auta," ta ce wa Baffa. Shi ne ƙaraminsu, ko da yake gemunsa ya yi fari fat. "An ce za ka kai ɗiyar mutane turu."

"Yaya, ba ni na so ba. In ta faɗa rijiya wa za a tambaya?"

"Kai za a tambaya. In ta ruɓe a turu ma kai za a tambaya."

"Maganar maza muke yi, Yaya."

Goggo ta jingine taɓaryar. Ta ɗan ɗage bakin zanenta, ta miƙo ƙafar hagu. Akwai wani farin tabo da ya zagaye idon sawunta. Na sha ganinsa, na ɗauka tabon munduwa ne.

"Shekarar da cutar agana ta kwashe mini 'ya'ya uku cikin wata guda, kana yaro kana kiwon awaki. An ce maka na tahi ganin dangi. Wata bakwai na yi da ice a ƙafa. Ka san mi ya fid da ni? Ba turaren mai maganin ba. Matarsa ce ta rasa mai kama mata daka, ta riƙa kwance ni da hantsi ta maida ni da yamma. Ran da na ji yunwa, ran nan na san zan koma gida."

Ni ma ban taɓa jin Goggo ta haihu ba sai ranar.

"Ba ni ita zuwa a gama yankan shinkafa," in ji ta.

"In na dawo ba ta gaishe ni da bakinta ba, Yaya, za a tahi da ita. Na faɗa a gaban mijinta."

"Na ji."

Ranar nan ta tare a gidana. Kafin magariba ta sallami ɗan garuwa, ta aika wa mai dakau cewa ta huta. Ta toshe bakin rijiya da itace ta aza dutse. Ta jawo turmi daga bayan ɗaki, ta kore kunamar da ta yi gida a ciki.

Na bi ta ina cewa, "Goggo, marar lafiya ce. Na yi mata alkawari ba za ta wahala ba."

"Babana, ka kwashe mata ruwa, ka kwashe mata daka, ka kwashe mata wuta. Ka bar ta da mi?"

"Da hutu."

"Ka bar ta da bango huɗu da ƙaramin kabari. Tun safe har dare. Ko kai aka ba wanga hutu ka haukace."

Na ji zafin maganar nan. Na ce ita ba ta san abin da ake kira so ba. Allah Ya yafe mini, haka na ce wa matar da ta binne 'ya'ya uku. Ba ta ko juyo ba. Ta ce in matsa, ina tare mata iska.

Washegari ta fito da mai ɗakina ta tsai da ita a gaban turmi, ta damƙa mata taɓarya. Mai ɗakina ta riƙe kawai, kamar yadda ta riƙe tutar nan. Goggo ta fara daka. Amma ba dakan mutum ɗaya ta yi ba. Wanda ya san lugude ya san yadda mata biyu ke haɗuwa a turmi guda, wannan ta sauke, waccan ta ɗaga, kowace na shiga gurbin 'yar'uwarta. Goggo sai ta buga, ta jira gwargwadon bugun mutum guda, ta sake bugawa. Tana barin gurbi. Ba ta lallashi, ba ta ce mata komai. In rana ta yi zafi ta karɓi taɓaryar ta maida ta inuwa.

Ajina yana bayan katangar gida. Kwana takwas ina koyar da lissafi ina jin wannan gurgun daka, bugu, shiru, bugu, shiru. Har na fara ƙirga shirun. Ranar tara, ina tsakiyar rubutu a allo, sai na ji wani abu ya faɗa cikin shirun, marar ƙarfi, kamar an ƙwanƙwasa ƙofa da yatsa. Aka tsallake biyu, ya sake faɗawa. Na tsaya da alli a hannu har yara suka fara duban juna. A duk littattafan da na karanta babu inda aka rubuta irin abin da na ji a lokacin.

Na taɓa tambayar Goggo me ya sa sai lugude, me zai hana ta bar ta ta daka ita kaɗai. Ta ce mai daka ita kaɗai tana iya yi hankalinta na maƙabarta. Amma in ku biyu ne, kika bar hankalinki ya tahi, taɓarya za ta gaya miki a haƙori.

Daga daka aka koma ɗibar ruwa. Tunda an rufe rijiya, sai gulbi, tafiyar da ba ta gaza rabin sa'a ba. Wannan ya fi damuna. Matar malami ba ta fita, kuma mutane sun yi magana. Ban da haka, wadda aka gani a bakin rijiya ita za a kai bakin gulbi? Goggo ta ce zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi, kuma ita ce za ta riƙa bin gefen ruwa. Ta fara aza mata ƙaramin tulu irin na 'yan mata, bayan mako biyu ta sauya babba. Da shinkafa ta nuna, ta ba ta lauje suka shiga fadama tare da sauran mata, ruwa har gwiwa.

Barci ya fara dawowa. Wata rana na iske ta ta suɗe kwanon tuwo. Kantar da na rantse ba za ta fito ba ta fito a tafinta biyu. Akwai kuma ranakun da ta ƙi tashi sam, Goggo ta yi dakanta mai gurbi ita kaɗai har ta gama. Amma magana ba ta dawo ba. Goggo ta ce takan ce "ruwa" ko "ya isa" in suna su biyu. Ni ko kallona ba ta cika yi ba. Aka gama yanka, aka casa, aka sheƙe. Na fara ƙirga kwanaki.

Baffa ya iso ranar wata Asabar da hantsi, da mutum biyu da jaki. Ya bar su a waje ya shigo tsakar gida. Mai ɗakina tana tsaye a gaban turmi cike da gumi, taɓarya a hannu. Goggo kuwa tana zaune a kan kujera 'yar tsugune, hannun dama naɗe da tsumma. Ta ce lauje ya yanke ta, ya kumbura. Har yau ban san girman yankan nan ba.

Baffa ya yi sallama. Goggo ta amsa, na amsa. Ya tsaya a gaban mai ɗakina ya ce, "Ɗiyata, ina kwana?" Ba ta ɗago ba. Idonta na kan turmi. Ya sake. Ya juyo ya dubi Goggo.

"Jira take a fara," in ji Goggo. "Ba ta saba aiki ya tsaya ba. Babana, ɗauki waccan."

Na dubi taɓaryar, na dubi Baffa. Ina sanye da farar rigar da nake zuwa makaranta da ita. Mutanen nan biyu suna leƙe daga zaure, matar maƙwabci tana bisa katanga. Namijin da aka gani yana daka a Illo, an san sunan da za a sa masa kafin la'asar, kuma Litinin zan tsaya gaban yara arba'in.

"Yaya, kada ki wulaƙanta yaron nan," in ji Baffa.

"Shi ya ce ni ban san so ba. Shi ya sani."

Na tuɓe riga na rataye a igiya. Na ɗauki taɓarya, ta fi yadda nake zato nauyi. Na buga. Mai ɗakina ta buga. Na buga. Karo na huɗu na yi gaggawa, taɓaryata ta daki tata, har na ji bugun a haƙorana, shinkafa ta watsu, kaji suka rugo. Na sake, na sake karo da ita. Matar maƙwabci ta toshe baki da gyale.

Mai ɗakina ta tsaya. Ta dube ni sosai, karon farko cikin wata huɗu.

"Malam, ba haka ba ne," in ji ta. Muryar ta dushe don rashin amfani. "Jira in ɗaga tukuna. Kuma kana karya ƙwayar."

Ta dubi shinkafar da ke ƙasa, ta kori kaji da ƙafa. Sai a lokacin ta ga Baffa. Ta jingine taɓarya, ta gyara ɗankwali, ta durƙusa.

"Baffa, sannu da hanya. Ya mutanen gida?"

"Lafiya lau, ɗiyata. Ya ƙarfin jiki?"

"Da sauƙi." Ta ɗago kai. "Yaron bai zauna ba, Baffa."

"Na sani. Allah Ya sa mai ceto ne."

Sai ta yi kuka, wanda ba ta yi ba tun ranar da aka fita da shi. Na yunƙura zan je wurinta, Goggo ta riƙe ni da hannun nan mai tsumma, kuma riƙon ba na marar lafiya ba ne. Ta ce in bar ta ta gama.

Baffa ya ci tuwon rana da mu. Jakin da aka kawo don ɗaukar mai ɗakina, buhun shinkafa ya ɗauka zuwa Bagudo. Yara sun shekara suna kirana Malam Mai Daka a bayan idona.

Goggo ba ta taɓa cewa ta warkar da kowa ba. Akwai wani mutumin Matsinkai da ta yi wata uku tana ja zuwa gona, bai yi sauƙi ba, da kanta ta ce a kai shi asibitin birni. Ko a gidana ma abin bai tafi gaba ɗaya ba. Yanzu muna da 'ya mace tana tafiya, amma duk damina, in watan da yaron ya koma ya zagayo, nakan ga mai ɗakina ta fara kallon bango. Ba na tsinko fure. Nakan aika a ce wa matar maƙwabci akwai gumi a jiƙe, in kuwa ba ta nan, in rufe ƙofar zaure in tuɓe riga. Na iya yanzu, ba na karya ƙwaya.

Allah Ya gafarta wa Goggo, Ya haskaka makwancinta, Ya haɗa ta da ukun nan da suka riga ta. Ta yi ta tayar da mutane tsaye duk rayuwarta. Ita kam, ya Allah, Ka ba ta hutu.